Jan Magariba a Ƙarshen Kaka



Akwai wasu 'yan makonni a cikin shekara da sararin sama yake yin wani irin ja, safe da yamma, wanda ba ya yin irinsa a sauran watanni. A wajenmu, ƙasar Ƙonni da Madawa, abin yakan faɗo ne daga cikin watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, an kai gero rumbu, ana roron wake, dawa tana tsaye tana jiran girbi, hunturu kuma bai riga ya kankama ba. A waɗannan kwanaki, in rana ta zo faɗuwa, sai gefen yamma ya fara da ruwan ɗorawa, ya koma launin manja, ya koma ja wur kamar jan goro, daga baya ya dusashe ya zama kalar bayan albasar Galmi kafin duhu ya rufe. Da asuba ma haka ne, sai dai a juye, daga kalar albasa ake farawa a ƙare da ruwan ɗorawa.

Shekara kusan 30 ke nan ina zirga-zirga tsakanin gida da Kumasi, wake da albasa in za a yi kudu, goro in za a koma arewa, kuma galibin wannan ja a kan hanya na kalle shi. In ka tambayi mutane a tasha me ke kawo shi, amsar da za ka fi ji ita ce, "Ai ƙura ce, hunturu ya kusa." Amsar tana da kama da gaskiya, tunda hunturun yana biye da shi. Amma duk wanda ya taɓa kwana a Tamale ko Maraɗi cikin Janairu ya san yadda rana take faɗuwa in hazo ya cika gari. Tun da la'asar take zama fara sol kamar wata, mutum ya kalle ta ido da ido ba ta kashe masa ido ba, sannan ta ɓace a cikin toka tun ba ta kai ƙasa ba. Babu ja, babu ruwan goro. Da ƙura ce ke kawo jan nan, da Janairu ya fi kowane wata kyan magariba. Ashe kuwa ƙurar ita ce take kashe shi.

To me ke kawo shi? Ga abin da na tattara, daga karance-karance da tambayar masu ilimi da kuma abin da idona ya daɗe yana gani.

Hasken rana da muke gani fari, haɗin launuka ne. Bakan gizo shi ne yake warware mana su bayan ruwa: ja a sama, sai ruwan goro, sai ruwan ɗorawa, sai kore, sai shuɗi, har zuwa shunayya a ƙasa. Duk waɗannan tare suke tahowa daga rana. Kafin su iso gare mu kuwa dole su ratsa iskar da Allah ya lulluɓe duniya da ita, wadda kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kusan kashi 21 kuma oksijin. Ƙwayoyin wannan iska ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, amma in haske ya ratsa su suna karkatar da wani sashe nasa, su watsa shi gefe. Kuma ba daidai suke yi wa launukan ba. Shuɗi suka fi watsawa, fiye da ninki huɗu na yadda suke watsa ja. Wani masani ɗan Ingila da ake kira Lord Rayleigh shi ne ya fitar da lissafin wannan abu a shekarar 1871. Shuɗin da ake watsawa ko'ina ɗin nan shi ne muke ɗaga kai da hantsi mu gani, mu ce sama shuɗiya ce.

Mu da muka san mota, abin ba zai yi mana wuyar ganewa ba. A ce mota ta ɗauko kaya iri biyu, buhunan wake da aka ɗaure tam, da kuma ƙaiƙayi da aka zuba a samansu ba tampol. In tafiyar daga Ƙonni zuwa Illela ce, za ta iso da waken da kusan dukkan ƙaiƙayin. In kuwa daga Ƙonni zuwa Kumasi ne, ta bi Doso, Yamai, Fada, Bawku, Bolga, Tamale, Techiman, ai kafin ta shiga gari iska ta kwashe ƙaiƙayin kaf, buhunan kaɗai za a sauke. Da tsakar rana hasken yana saukowa ne kai tsaye daga samanmu, gajeriyar hanya, sai ya iso da launukansa kusan a cike, mu gan shi fari. Amma in rana ta sauka bakin ƙasa, hasken yana tahowa ne a kwance, yana ratsa iskar da ta kai kusan ninki 38 na wadda yake ratsawa in ranar tana tsakiyar ka. A wannan doguwar tafiya shuɗi ya zube a hanya, kore ma ya ragu, ja da ruwan goro su ne buhunan da suke isowa. Ƙaiƙayin ma ba asara ya zama ba. Mutanen da ke yamma da mu, waɗanda har yanzu la'asar suke ciki, shi ne shuɗin samansu.

Wani zai ce, to ai rana kullum tana faɗuwa, kullum kuma hanyar tsawonta ɗaya, me ya sa sai a ƙarshen kaka? Gaskiya ne, hanyar ba ta canzawa. Abin da ke canzawa shi ne halin da hanyar take ciki. Kafin jan ya fito da kyau sai abu uku sun haɗu: iska ta zama mai tsabta, ta zama busasshiya, sannan a samu ɗan gajimare can sama wanda hasken zai sauka a kansa. A ƙasashenmu waɗannan uku ba sa haɗuwa sosai sai a ɗan tsakanin nan na bayan damina da gabanin hunturu.

Ɗauki damina tukuna. Ruwan sama yana wanke iska, wannan kowa ya sani, shi ya sa washegarin ruwa ake hango dutsen da jiya ba a hango shi ba. Amma iskar damina cike take da laima, kuma 'yan ƙananan abubuwan da ke yawo a cikinta, hayaƙi da gishirin teku da makamantansu, suna shan laimar nan su kumbura, kamar yadda garin rogo yake kumbura in ya ji ruwa. In suka kumbura sai su yi wa sama wani fari-fari mai dusar da launi. Ga kuma hadari, mai kauri, na ƙasa-ƙasa, da yakan taru ya toshe gefen yamma gaba ɗaya. A cikin marka mutum yakan yi kwanaki bai ga inda rana ta faɗi ba. Ana samun magariba mai kyau jefi-jefi da damina, musamman in an yi ruwa da la'asar gari ya washe, amma ba a jere ba.

Hunturu kuwa matsalarsa daban ce. Iskarsa busasshiya ce ƙayau, amma ɗauke take da kaya. Babban wurin da take ɗebo ƙurar nan shi ne wani kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar ruwa a bakin mazurari, ta fito da ƙarfi ta sauka a kan kwarin. Wurin nan a da can ƙarƙashin ruwa yake, lokacin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa, shekaru dubbai da suka wuce. Da ruwan ya janye sai ya bar farin gari mai laushi, ragowar wasu 'yan ƙananan halittun ruwa. Shi ne iska take kwasa, ta haɗa da ƙurar sauran sassan Sahara, ta kawo mana Zinder da Kano da Tamale, ta kai Ankara, wani sashe ma ya tsallaka teku har Kudancin Amurka. Farin garin da muke sharewa a kan teburin shago cikin Janairu, wani daga cikinsa ƙasan tsohon tafki ne. Ƙwayar wannan ƙura ta fi ƙwayar iska girma nesa ba kusa ba, kuma ita ba ta zaɓe. Shuɗi da ja da kore duk tare take watsa su, ta cakuɗa, sai sama ta zama kalar toka. A misalinmu na ɗazu, wannan kamar a ce hanya ta lalace ne har buhunan ma sun yi ta faɗuwa, mota ta iso kusan fanko.

Tsakanin waɗannan biyun ne kwanakin da nake magana suke. Ruwan ƙarshe ya wanke iska, ƙasa ba ta gama bushewar da za ta tashi ba, ciyawa tana riƙe da ita, laima ta fara janyewa, ƙurar Bodele ba ta iso da ƙarfi ba. Zafin agazari yana ja da baya, dare ya fara yin ɗan sanyi. A wannan lokaci hasken yamma yana ratsa doguwar hanyarsa a cikin iska mai tsabta, ya iso da jansa bai gauraya da toka ba.

Sai sharaɗi na uku, wanda mutane suka fi mantawa. Ja ko ya kai ja, in babu abin da zai sauka a kai, ido ba zai more shi ba, kamar rini ne ba yadi. In sama ta yi wasai babu gajimare ko ɗaya, abin da za ka gani ɗan layin ruwan goro ne a bakin ƙasa, kyakkyawa dai, amma ba shi ke tsayar da mutum ba. Abin da ke tsayar da mutum shi ne gajimaren nan siriri, mai kama da audugar da aka shiɓe, wanda yake can sama da kilomita 6, galibinsa ma ƙanƙara ce saboda sanyin wurin. A ƙarshen kaka hadarin ƙasa ya tafi, amma irin wannan yakan rage. Saboda tsayinsa, ko bayan rana ta ɓace mana mu na ƙasa, shi yana ganinta, kamar yadda yaron da ya hau kan lodi yake hango garin da direba bai hango ba. Hasken jan nan sai ya buge shi ta ƙasa, ya kama kamar garwashi. Shi ya sa sau da yawa ja ba ya kaiwa maƙura sai an yi 'yan mintoci da faɗuwar rana. Mai gaggawa da ya ga ƙwallon rana ya nutse ya juya baya, ya bar mafi kyansa.

Akwai wani abu da mu matafiya muke gani wanda na zaune ba ya gani. Wannan lokaci ba rana ɗaya yake zuwa ko'ina ba, tafiya yake yi. Iskoki biyu ne suke juya shekararmu, mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke saukowa daga Sahara. Iyakar da ke tsakaninsu tana hawa arewa da bazara, ta kai wajajen Agadas ko ta wuce a cikin Agusta, sannan ta juyo kudu a hankali. Inda duk ta wuce, ruwa ya ɗauke ke nan, kuma bayan 'yan makonni ƙura za ta biyo. Don haka Ƙonni tana riga Tamale, Tamale tana riga Kumasi, wadda ƙaramar daminarta takan kai har cikin Nuwamba, hunturu kuma sai wajen Disamba yake leƙo ta. A shekarun da hanyar Fada take lafiya, akwai shekarar da na bar gida da wake a ƙarshen Oktoba, ciniki ya riƙe ni a Bawku, ya sake riƙe ni a Tamale, ban shiga Kumasi ba sai ƙarshen Nuwamba. Duk inda na sauka sai in tarar da jan yana jirana. Kusan wata ɗaya da rabi na yi ina cikin kaka, alhali wanda ke zaune a gida tuni ya fara shafa man kaɗanya.

Ba mu kaɗai muke da wannan ba. Ɗan ƙanwata da ke aiki a Hamburg ta Jamus yakan turo hotuna a WhatsApp duk Nuwamba, sama ja kamar an kunna mata wuta a bayan dogayen gine-gine. Su ma a ƙarshen kakarsu, bayan ganye ya zube, iska mai sanyi da bushewa takan sauko musu daga arewa ta kore hazon lokacin zafi, sai launi ya fito. Suna kuma da wani abu da ba mu da shi. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, ranarmu a tsaye take nutsewa, kamar guga a rijiya. A Kumasi, daga faɗuwarta zuwa lokacin da mutum zai nemi fitila bai fi minti 20 zuwa 25 ba. A can kuwa a karkace take sauka, kamar mota a gangara mai sauƙi, hasken bayan faɗuwarta yakan kai kusan ninki biyu na namu. Sai dai abin ba kyauta ba ne, domin a ƙarshen Nuwamba wajen ƙarfe 4 na yamma ranarsu take faɗuwa. Ya ce mini, "Kawu, ana la'asar ana magariba, mutum bai tashi daga aiki ba." Na ce masa kowa da irin rabonsa.

Akwai kuma shekarun da jan yake wuce misali a duk duniya, ba ruwansa da kaka. A watan Yunin 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta, ya tura hayaƙin ƙibiritu can sama da inda gajimare yake tsayawa. A can ya rikiɗe ya zama wasu 'yan ɗigo ƙanana ƙwarai, suka bazu suka kewaye duniya, suka daɗe fiye da shekara ba su sauko ba, tunda babu ruwan saman da zai wanke su a wurin. Da yake suna da tsayi ainun, sun riƙa kama hasken rana bayan ta daɗe da faɗuwa. Ina saurayi a lokacin, ina yaron kaya a hannun kawuna, kuma na tuna yadda jan magariba yakan ƙi tafiya, har dattawa suna ta hailala a ƙofar masallaci. Kafin wannan, a 1883, dutsen Krakatau na Indunusiya ya yi irin haka, har a wasu garuruwan Amurka 'yan kwana-kwana suka fita da kayan aiki suna zaton gobara ce a bayan gari. Wannan ya nuna ba kowane abu da ke cikin iska ne yake kashe launi ba. Mai kashewa shi ne mai girman ƙwaya da ke nan ƙasa tare da mu, irin ƙura da hayaƙi mai kauri.

Duk wanda yake son ya gwada wa yaransa wannan a gida, abu ne mai sauƙi. A samu kofin gilashi mai tsawo ko farar gorar roba, a cika da ruwa, a ɗiga madara ɗigo biyu ko uku kawai, a motsa. A kashe fitilar ɗaki, a kunna tocilan waya a kafa ta a gindin kofin. In aka duba ta gefe, ruwan zai yi ɗan shuɗi-shuɗi. In aka leƙa ta baki, inda hasken ya ratso dukkan tsawon ruwan, za a ga ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan goro. Ga sama da hantsi, ga sama da magariba, a kofi ɗaya. Sannan a ƙara madara cokali biyu a sake dubawa. Komai zai zama fari duhu-duhu, launi ya tafi. Wannan kuma hunturu ke nan.

Wani zai ce, Alhaji, duk wannan dogon bayani a kan kallon sama, mu da muke neman na cefane? To ai malamanmu ba su ɗauki launin sama abin wasa ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin lokutan salla a Risala ko ƙananan littattafan da ke gabanta, ya san da launi ake auna sallolinmu. Zaɓaɓɓen lokacin La'asar yana ƙarewa ne in rana ta yi fatsi-fatsi. Lokacin Isha'i a mazhabar Imam Malik yana shiga ne in jan shafaƙi ya ɓace, shi kuwa Imam Abu Hanifa ya ce sai farin da ke bayan jan ya tafi. Asuba tana shiga ne da farin da ya bazu a kwance a gabas, alfijir na gaskiya, ba na ƙaryar nan da ke miƙewa tsaye ya ɓace ba. Jan da nake ta bayani shi ne shafaƙin da ladan yake dubawa tun kafin a ƙera agogo. Har ma an yi wani alƙali a Andalus a ƙarni na 11, Ibn Mu'az al-Jayyani, da ya zauna ya yi amfani da hasken alfijir da na shafaƙi don ya lissafa iya tsayin iskar da ke samanmu. An fassara littafin nasa zuwa harshen Latin, Turawa suka daɗe suna karanta shi suna zaton na Ibn al-Haisam ne.

A nan ne abin yake taɓa ni. 'Ya'yanmu da aka haifa a zango, Allah ya yi musu albarka, suna salla, amma lokacinta a waya suka san shi. Autana, da yana ƙarami, ya ji ina cewa a waya, "Kaka ta yi kyau bana," sai ya ruga ya gaya wa uwarsa wai Hajiya ta warke. Kaka ɗaya ya sani, mai ba shi tsaraba. Agazari, marka, bazara, duk sunaye ne da bai taɓa ganin abin da suke nufi ba. Na taɓa tambayar yayansa yaushe Isha'i take shiga, ya ce, "Baba, bari in duba." Waya ba laifi ba ce, ni ma ina da jadawalin a tawa. Amma yaran nan su ne za su gaji hanya. Wata rana mota za ta lalace da su a dajin da babu caji babu sabis. Wata rana za su tsallaka daga Nijar zuwa Burkina, inda agogo yake komawa baya da awa ɗaya, wayar kuma tana nan a kan lokacin garin da suka baro. A ranar nan abin da zai fisshe su shi ne su iya duban yamma su ce ja ya tafi, a tashi a yi Isha'i. Kuma babu lokacin da ya fi ƙarshen kaka sauƙin koyar da wannan, domin a lokacin ne ja yake ja sosai, fari yake fari, iyakarsu a fili. In hunturu ya shigo, malamin ma sai ya koma ga agogo.

Ga ɗan kasuwa ma akwai karatu a ciki. In na ga jan nan ya jera kwanaki a gida, na san ruwa ya tafi ke nan, wake zai bushe da kyau, kuma yanzu ne yake da araha a kasuwannin ƙauye kafin manyan masu saye su shigo. In kuma na ga ya fara kodewa, rana tana ɓacewa tun da sauran tazara tsakaninta da ƙasa, na san ƙura ta kama hanya. Lokacin ne mai goro zai ƙara ganye a huhu ya riƙa yayyafa ruwa, don hunturu ba ya raga wa goro. Lokacin ne uwargida za ta fito da rigunan sanyin yara ta nemi man kaɗanya tun bai yi tsada ba. Mai asma ya tanadi maganinsa, direba ya gyara fitilunsa, mai tafiya ta jirgi ya san za a iya ɗage masa tashi saboda hazo. Iyayenmu da suka yi fatauci da jakuna zuwa Gwanja ba su da mai karanta musu hasashen yanayi a rediyo, da irin waɗannan alamu suke tsara fita da dawowa.

Sai dai mu ma da hannunmu muna rage wa kanmu kwanakin. Da zarar ciyawa ta bushe a arewacin Ghana sai a fara cinna wa daji wuta, wasu don farauta, wasu don sabon tsiro, ka bi hanyar Kintampo zuwa Tamale da dare ka ga wuta dama da hagu. A cikin gari ga hayaƙin tsofaffin motoci, ga janareta, ga tayar da ake ƙonawa a mahauta, ga bolar da ake cinnawa a bayan kasuwa. Hayaƙi yana iya mayar da ƙwallon rana ja kamar tumatir, har wani ya ɗauka kyau ne, amma ka duba saman da ke kewaye da ita za ka ga ta mutu, launin tsohuwar tukunya. Rana ja daban, sama ja daban. Hayaƙin da ya dusar da sama kuma shi ne dai yake shiga ƙirjin yaranmu. Ranar da magariba ta fito garau, albishir ne cewa iskar da muka shaƙa yau mai kyau ce.

Kakata, Allah ya jiƙanta, in ta ga sama ta yi ja da yawa takan ce wani babba ne zai tafi, ta kora mu ɗaki. A kan mutuwa dai ilimin na Allah ne, ja ba ya kashe kowa kuma ba ya ba da labarin kowa. Amma korar yara ɗaki da almuru tarbiyya ce mai asali, ban ce a bari ba. Abin da nake roƙon 'yan uwa shi ne, a cikin makonnin nan, a riƙe hannun yaro a fita da shi masallaci da ɗan sauran lokaci. A Kumasi a watan Nuwamba wajen ƙarfe 5:45 rana take faɗuwa, kusan mafi saurin magaribar shekara ke nan, don haka sai an rufe shago da wuri. A nuna masa fatsi-fatsi kafin ta faɗi. In an sallame a fito a nuna masa shafaƙi, a gaya masa sunansa, a bar shi ya lura da kansa lokacin da zai tafi. A gaya masa a gida yanzu an gama yankan gero, 'yan uwansa suna roron wake, kuma wannan jan da yake gani ta kansu ya biyo kafin ya iso nan.

Kwanakin kaɗan ne, kuma ba a sanar da ranar ƙarshe. Allah ya sa mu ga na baɗi da lafiya, ya tsare na kan hanya, ya sa albarka a kasuwa da zuriya.